A Ƙyale Malam Bala Da Kwabonsa

Yau ba ci gaban labari na kawo muku ba, abin da ya ci mini tuwo a ƙwarya ne.

Makon jiya ɗana da ke aji biyar na sakandare ya dawo yana cewa an hana malaminsu na lissafi, mu kira shi Malam Bala, shiga aji da kwabo da ƙwayar ludo. Wai wasu iyaye sun kai ƙara cewa caca yake koya wa yara. Haba jama'a!

Ga abin da bawan Allah yake yi. Yara 60, kowa ya cilla kwabo sau 20 ya rubuta sau nawa kai ya fito. Wani ya samu 14, wani 6, kowa na rantsuwa kwabonsa na da aljanu. Sai a tara na ajin duka, 1,200 ke nan, a raba a kalkuleta, sai ga shi ya matso kusa da rabi. Da yake kwabo ya yi wuyar gani yanzu, wanda bai samu ba sai ya danna Ran# a Casio ɗinsa: lamba ta gaza 0.5 kai ne, in ba haka ba baya ne.

Mu a zamaninmu haddace mana aka yi: rabi, ɗaya bisa shida. Muka zuba a jarrabawa muka manta. Har na fara rubuta littafi ban san me rabin nan yake nufi ba.

Kuma ba Malam Bala ya ƙago ba. John Kerrich, wani masanin lissafi da aka tsare a Denmak lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya cilla kwabo sau 10,000, kai ya fito sau 5,067. Shi ma ɗan caca ne?

Masu ƙarar nan, don Allah ku leƙa shagon cacar ƙwallo na bakin layinku ku ga 'ya'yan wa ke ciki. Yaron da ke can ya yi imani tunda ya faɗi sau biyar, na shida dole ya ci. Wanda ya cilla kwabo da hannunsa ya ga kai ya fito sau biyar a jere, ya san kwabo ba ya tuna na baya. Ka ba shi kalkuleta ya ninka 0.5 sau 10, ya ga cewa cankar wasa 10 a tikiti ɗaya, in kowanne rabi da rabi ne, sau ɗaya ne cikin 1,024. Wace nasiha ce za ta shige shi kamar wannan?

Na yarda ƙwayar ludo na iya sosa wa wani rai. To a cire ta, a zuba wake fari da ja a gwangwani. Amma a mayar da yara haddar allo saboda mutum uku sun ɗaga murya, ban yarda ba. Ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai, kuma da gwangwanina zan je.