Digirin Ernest Just Bai Buɗe Masa Ƙofa Ba

Akwai wani zato da ya zama ruwan dare tsakanin ɗalibai, har da manyan ma'aikata, wai duk wanda ya riƙe babbar takardar shaida ya gama da duniya, ko'ina ya dosa ƙofa a buɗe take. Masu wannan zato ya kamata su dubi tarihin Ernest Everett Just, baƙar fatar Amurka, masanin halittun teku.

An haife shi a Charleston, Jihar Karolina ta Kudu, cikin 1883. Yana da shekara 4 ubansa ya rasu, mahaifiyarsa ta ci gaba da riƙonsa. A makarantar Kimball Union karatun shekara 4 ya gama shi cikin 3, sa'an nan ya fita daga Kwalejin Dartmouth a 1907 da babban yabo. Duk da haka aikin da ya samu shi ne na koyarwa a Jami'ar Howard, ta baƙaƙen fata, a birnin Washington, kuma Turanci aka fara ba shi ya koyar.

Cikin 1909 ya fara zuwa tashar binciken halittun teku ta Woods Hole a lokacin hutu, ƙarƙashin Shehun Malami Frank Lillie. Aikinsa kan ƙwan ƙananan dabbobin ruwa ne, irin su tsutsar teku, yana duba abin da ke faruwa daga lokacin da maniyyin namiji ya shiga ƙwai har ƙwan ya fara rabuwa. A 1912 ya nuna cewa a ƙwan tsutsar nan, wurin da maniyyi ya shiga shi ke tsara layin da ƙwan zai fara rabuwa a kai. Ya kuma ƙware wajen sanin ƙwai mai lafiya da wanda ya lalace, abin da ba ƙarami ba ne, domin gwaji a kan ruɓaɓɓen ƙwai sakamakon ƙarya yake haifarwa. Har Turawan da ke tashar sukan zo wurinsa neman shawara. A 1916 Jami'ar Chicago ta ba shi digirin dakta.

To, bayan wannan duka, babu wata babbar jami'ar Turawa a Amurka da ta ɗauke shi aiki. Wasu za su ce ai bai yi hasara ba, tun da ya shugabanci sashen nazarin dabbobi a Howard, ya koyar da 'yan'uwansa, har ƙungiyar NAACP ta ba shi lambar Spingarn ta farko a 1915. Lalle wannan daraja ce. Amma a ganina masu faɗin haka ba su san abin da mai bincike ke bukata ba. Ɗakin gwaji yake so, da kayan aiki, da lokaci, da abokan muhawara. Howard ta wancan zamani ba ta da ƙarfin ba shi waɗannan. Mutumin da ya kamata ya shekara a gaban madubin ƙara girma, sai ya zama 'yan watannin hutu kaɗai yake samu, saura kuwa alli da gyaran takardun jarrabawa. Wanda ya yi rubuce-rubucen bincike aƙalla 70 cikin wannan ƙunci, ina ga an sake masa mara?

Shi ya sa ya juya ga Turai. A 1929 ya je tashar Naples ta Italiya, a 1930 aka gayyace shi Cibiyar Kaiser Wilhelm a Berlin, inda aka karɓe shi a matsayin masani, ba a dubi fatarsa ba. Yana Turai babban littafinsa kan fatar ƙwayar halitta ya fito a 1939. Jamus ta mamaye Faransa a 1940 yana can, aka tsare shi na ɗan lokaci, sa'an nan ya koma Howard ba lafiya. Ya rasu ran 27 ga Oktoba, 1941, yana da shekara 58. Lillie da kansa, a ta'aziyyar da ya rubuta, ya amsa cewa ƙuntatawar da ake yi wa baƙar fata a Amurka ita ta dabaibaye aikin ɗalibinsa tun daga farko har ƙarshe.