Waiwaye: Hannun Zagi a Likkafar Dama

Duk wanda ya taso a Yana, hedikwatar ƙaramar hukumar Shira, ya san kai-komon da ake yi a barga idan Sallah ta matso, mahaya na shirin tafiya Azare don hawan Sarkin Katagum. Muna yara, ido na kan jalala da alkyabba. Ba mu damu da zagin da ke tsaye a hannun daman doki ba, ya danne likkafa da ƙarfinsa yayin da mai gida ke sa ƙafa ta hagu. Mutane da yawa har gobe suna ɗaukan wannan a matsayin isa ta masu sarauta.

Amma aikin nan don doki ake yin sa. Idan ƙato ya sa ƙafa a likkafa daga ƙasa ya ja jikinsa sama, nauyinsa duka yana rataye a gefe guda. Sirdi ya karkace, ya murɗe gadon baya, ya matse tudun kafaɗa, inda ƙashi ke kusa da fata. Sirdinmu na gargajiya kuwa ginshiƙinsa itace ne, ba ya lanƙwasa. A yi haka yau, a yi gobe, gashi ya fara zubewa, sai miki, kuma idan ya warke farin gashi ne ke fitowa a wurin. Hannun zagi shi ke daidaita nauyin. Wanda ba shi da zagi kan ja dokinsa kusa da dakali ko kututture, ya taka, ya kama geza da ragama maimakon bayan sirdi, ya zauna a hankali. Kafin nan ya karkaɗe shimfiɗa saboda ƙarangiya, ya ja majayi kaɗan-kaɗan.

Yanzu dubi samarin kilisa da na hawan angwanci. Dokin haya ne, don haka a daka tsalle a faɗa masa tim, a sauka, wani ya maye. Mutum biyar kan doki ɗaya kafin magariba ba abin mamaki ba ne. Da ya fara lanƙwashe baya ko kwantar da kunne idan an doso shi da sirdi, sai a ce mugun hali ya koya, a ƙara masa bulala. Masu ba da haya ma suna da laifi, domin kuɗin yini suke ƙirgawa, su rufe mikin da jalala su miƙa wa na gaba ragama.