Shehun Malami Bening da jami'ar da ke tura ɗalibanta ƙauye

A wannan wata za mu ɗan ajiye maganar kasuwa da tsadar kaya, mu leƙa Tamale, domin akwai wani malami da aikinsa ya shafe mu mazauna zanguna, ko da yake yawancinmu ba mu taɓa jin sunansa ba. Shi ne Shehun Malami Raymond Bening, shugaban farko na Jami'ar Nazarin Raya Ƙasa, wadda aka fi sani da UDS.

Asalinsa malamin ilmin labarin ƙasa ne a Jami'ar Gana da ke Legon. Kafin ya riƙe kowace jami'a ya daɗe yana tonon takardun Turawan mulkin mallaka yana neman amsar tambaya guda: me ya sa arewacin ƙasar nan ya zama koma-baya wajen boko? A 1990 ya fitar da littafi a kan tarihin ilmi a arewacin Gana daga 1907 zuwa 1976. Abin da takardun suka nuna ba shi da daɗin ji. Turawa sun taƙaita makarantu a arewa da gangan, saboda sun fi bukatar majiya ƙarfinta a ramukan zinariya da gonakin koko na kudu. Ku dubi tazarar da kanku. An buɗe makarantar Mfantsipim a Cape Coast tun 1876, amma sai a 1951 Tamale ta sami sakandaren gwamnati. Shekara 75 ke nan! Da aka zo kan jami'o'i ma haka aka yi: Legon a 1948, Kumasi a 1952, Cape Coast a 1962, duk a kudu.

To, a 1992 gwamnatin Rawlings ta kafa jami'ar arewa da doka mai lamba 279, aka ɗora wa Bening nauyin tayar da ita. Ba a ba shi wani katafaren gini ba. A Nyankpala, yamma da Tamale, aka fara a 1993 da ɗalibai kimanin 40 masu koyon aikin gona. Rawlings ya ba da dala 50,000 na wata kyautar yaƙi da yunwa da ya samu a wannan shekara domin a ɗora harsashi. Maimakon a tara komai wuri ɗaya, sai aka rarraba sassan jami'ar tsakanin Nyankpala da Tamale da Navrongo, daga baya har Wa. Wasu sun ga kamar an raba talauci gida huɗu ne. Amma ga shi a 2019 an yi dokokin da suka mai da reshen Wa da na Navrongo jami'o'i masu cin gashin kansu.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne yadda aka tsara shekarar karatu. An kasa ta zango uku, ba biyu ba. A zango na uku babu aji babu allo. Ɗalibai kan tattara tabarma da tukunya su tafi wani ƙauye su zauna kusan wata biyu, su sha ruwan da mutanen garin ke sha, su kwana inda aka sauke su. Sukan gaida sarki da dattawa, su ƙirga gidaje da rijiyoyi, su tambayi mata nisan da suke yi kafin su kai asibiti, su rubuta abin da garin ke da shi da abin da ya rasa. Shekara mai zuwa su koma wannan gari su tsara yadda za a magance matsalolin tare da masu garin. Daga baya ma aka riƙa gauraya su, mai koyon likita da mai koyon noma a rukuni ɗaya. Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Rahoto da yawa kan ƙare a cikin kabad, ƙauyen kuwa yana nan jiya i yau. Duk da haka yaron da ya kwana wata biyu a garin da ba fitila, in ya zama jami'in gunduma, da wuya a yi masa ƙarya a kan halin talaka.

Ina wannan ya shafe mu? Mu ba baƙin ilmi ba ne. Salaga ta yi malamai tun kafin Bature ya iso, kuma Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, rubuce-rubucensa na Larabci da Hausa har yau masana na nazarinsu. Amma iyayenmu sun guje wa boko don tsoron makarantun mishan, sai muka faɗa ramin da arewa ta faɗa, alhali muna zaune a tsakiyar Ankara da Kumasi. Nima da Sabon Zango da Aboabo ba ƙauyuka ba ne, saboda haka mai neman karkara yakan wuce mu. Ba kuma unguwannin masu hali ba ne, saboda haka mai tsara birni yakan manta da mu. A 2017 an yi dokar Asusun Raya Zanguna. Madalla. Sai dai in aka tambayi wani sarkin zango yara nawa ne a unguwarsa ba sa zuwa makaranta, ko gida nawa ne ba su da bayan gida, sau da yawa amsar ba ta wuce "da yawa" ba. Da wannan amsa ba a ƙwatar kuɗi a ofishin gwamnati.

Shawararmu ga sarakunan zanguna da limamai da ƙungiyoyin samari ita ce su ari wannan dabara. Muna da 'ya'yanmu a jami'o'i, wasu ma a UDS ɗin suka yi zango na uku a ƙauyen wasu. A lokacin dogon hutu a tara su, a ba su takarda da alƙalami da abincin rana, su bi unguwa gida-gida. Majalisar sarkin zango ta riƙe kwafi ɗaya, a kai ɗaya ofishin gunduma, a karanta taƙaitaccensa a masallaci bayan sallar Juma'a. Unguwar da ta riga saura farawa ta aiko mana, za mu buga a wannan shafi.