Tsoro na Daji, Kunya ta Gida

A farkon watan Afrilun 2013, lokacin ina karatun digirin digirgir a jihar Kolorado ta Amurka, wani abokin karatuna ya gayyace ni in raka su kan duwatsu. An kwana biyu ana zubar da dusar ƙanƙara, ga shi kuma hunturu ya kusa bankwana, don haka masu wasan zamiya suka shiga rige-rigen cin moriyar ta ƙarshe. Ni ban iya zamiya ba. Aikina kawai shi ne in hau bayan babur in ɗauki hotuna. Abin da na gani ran nan ne nake son mu tattauna a wannan mako.

Zamiyar nan kashi biyu ce. Akwai ta filayen da kamfanoni ke kula da su, inda ma'aikata ke fita da asuba su harba nakiya a gangaren dutse, domin ƙanƙarar da za ta zaftare ta zaftare tun kafin mutane su iso. Akwai kuma ta daji, inda babu mai gadi, babu likita, babu wanda ya share maka hanya. Ta dajin ce abokaina suka fi ƙauna, saboda a can ne ake samun ƙanƙara mai laushi kamar garin tuwo wadda ƙafar kowa ba ta taka ba. A da, sai mutum ya yi sa'o'i yana hawa da ƙafa kafin ya kai gare ta. Yanzu babur ɗin ƙanƙara, mai katakon zamiya biyu a gaba da bel mai haƙora a baya, yana kai shi cikin mintoci.

Tarihin wannan babur yana da ban tausayi. Joseph-Armand Bombardier, mutumin garin Valcourt a lardin Kebek na Kanada, ya rasa ƙaramin ɗansa a hunturun 1934 saboda ƙanƙara ta toshe hanyar zuwa asibiti. Wannan rashi ya ƙara masa himma wajen ƙera motar da za ta iya tafiya a kan ƙanƙara, har a 1959 kamfaninsa ya fito da ƙaramin babur mai suna Ski-Doo. Abin da aka faro domin a kai mara lafiya asibiti, yau shi ne ke kai masu lafiya bakin halaka idan ba su yi hattara ba.

Mun tashi daga mashigar Vail, wadda tsayinta ya haura mita 3,200, mu biyar a kan babura uku. Kowannenmu an rataya masa na'ura mai aika sigina domin a gano shi idan ƙanƙara ta binne shi, da shebur, da doguwar sanda mai naɗewa ta lalube. An gaya mini cewa wanda aka tono cikin minti 15 na farko yawanci yakan rayu, amma bayan rabin sa'a fata takan yi ƙaranci ƙwarai, domin numfashi ke ƙarewa. Ma'ana, babu wani jami'in ceto da zai iso a kan lokaci. Wanda kuka fito tare shi ne kaɗai zai tono ka.

Da muka isa gindin gangaren da suka zaɓa, sai wata mace a cikinmu, wadda ta fi kowa ƙarancin surutu, ta ɗauki shebur ta haƙa rami har sai da ta cimma ƙasa. Ta kira ni ta nuna mini bangon ramin. Sama sabuwar ƙanƙara ce mai nauyi, ta haɗe wuri guda kamar katifa. Can ƙasa kuwa, da ta sa hannu, sai ƙwayoyi suka riƙa zubowa kamar sukari. Wannan ita ce ƙanƙarar farkon hunturu wadda tsananin sanyi ya lalata, har ta kasa manne wa juna. Katifa ce aka shimfiɗa a kan sukari, a gangaren da karkatarsa ke tsakanin digiri 30 zuwa 45, inda mafi yawan zaftarewa ke faruwa. Nauyin mutum ɗaya na iya tsinka ta, ta gangaro gaba ɗaya. Irin wannan yanayi na daga cikin dalilan da suka sa Kolorado ta fi kowace jiha a Amurka yawan waɗanda zaftarewar ƙanƙara ta kashe.

Matar nan ta ce ita ba za ta hau ba. Sauran suka fara kawo dalilai: an sayi fetur, an tashi tun asuba, rana ta fito, ga sawun wasu da suka sauka lafiya a gangaren da ke kusa. Ni kuwa tsoro ya riga ya cika mini ciki, amma kunya ta ɗaure mini baki, don ni baƙo ne, ban san komai ba. Ta sake maimaita maganarta ba tare da ta ɗaga murya ba. Daga ƙarshe aka koma wani fili mai sauƙin gangara, suka yi wasansu, muka dawo gida wasu na ɓata rai.

Ranar 20 ga wannan wata, a Sheep Creek kusa da mashigar Loveland, ƙanƙara ta zaftare kan mutum shida, biyar suka mutu. Ba 'yan koyo ba ne, kuma suna ɗauke da irin kayan ceton da muka ɗauka. Ba zan ce da mun hau namu gangaren da mun mutu ba, wannan Allah kaɗai ya sani. Amma tun daga ranar babu wanda ya sake yi wa matar nan gori.

Wani mai bincike, Ian McCammon, ya yi nazarin haɗurran zaftarewa masu yawa a Amurka, ya nuna cewa sau da yawa masu ilimin abin ne ke faɗawa tarko: sabo da wuri, nacewa a kan shirin da aka riga aka yi, bin wanda ake ganin ya fi sani, da tsoron kada wani ya riga su. A ganina babur yana ƙara wa waɗannan tarkuna ƙarfi. Mai hawa da ƙafa yana jin lokacin da ƙanƙara ta yi gurnani a ƙarƙashinsa, yana ganin tsagewarta, yana da sa'o'in da zai sake tunani. Mai babur kuwa ƙarar inji ta toshe masa kunne, sai dai ya ga kansa a saman dutse zuciyarsa na azalzalarsa. Sauri ya haifi nawa.

Ɗalibaina da ke neman tafiya karatu ƙasashen sanyi sukan tambaye ni irin rigar da za su saya. Nakan amsa musu, sannan in ƙara da cewa idan wata rana aka gayyace su kan dutse, su duba hasashen cibiyar lura da zaftarewa kafin su fita, kuma su tambaya ko a cikin tawagar kowa na da ikon cewa a koma. Idan babu wannan iko, su yi zamansu a ɗaki. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida. Ni ran nan kunyar na ɗauka na tafi da ita daji, sai Allah ya sa akwai wadda ta baro tata a gida.