Sharhi: Wa ke lura da ɗalibin da ya daina zuwa aji?

Sharhinmu na yau a kan 'ya'yanmu ne na Agye da Gazawa da Gidan Rumji da ke karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, musamman waɗanda karatun ke suɓuce wa tun ba su gama shekarar farko ba.

Tun da aka kafa jami'ar a 2010, ɗan talakan waɗannan gundumomi ya huta da doguwar tafiyar Yamai. Hanyoyin taimako kuma akwai su. Hukumar ANAB ke biyan kuɗin tallafin karatu. Cibiyar CROU ke kula da ɗakunan kwana da gidan abinci da motocin jigila da ɗakin shan magani. Ofishin rajista ke riƙe da maki, malamai kuma su ke ganin wanda ya zo aji. Inda gizo ke saƙar shi ne kowa da littafinsa. Ɗalibin da kuɗinsa ya makara sai ya rage cin abinci, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi, aikin gwaji ya wuce shi, ya faɗi jarrabawar zango. A tsarin karatun jami'a na LMD darasin da aka faɗi bashi ne da ke bin ɗalibi, kuma idan ya taru sai maimaita shekara. Kowane ofishi ya ga ɓangare ɗaya na wannan labari, babu wanda aka ɗora wa haɗa shi, har yaron ya tattara kayansa ya nufi tasha.

Waɗannan gundumomi uku suna da nasu nauyi na musamman. A Agye da Gazawa jama'a ta yi yawa, gonakin gado sai ƙara tsukewa suke, kuma gidan da ke dogaro da gero da wake ba ya da abin aikawa Maraɗi idan rumbu ya ƙare a tsakiyar damina. A lokacin ne ma ake neman saurayin ya dawo ya riƙe hauya, ko in rani ya yi ya bi tsaransa ci-rani. A Gidan Rumji kuwa, tun 2019 ake karɓar 'yan gudun hijira daga Sakkwato da Zamfara da Katsina, har aka tsugunar da wasu a Cadakori da Garin Kaka, ga satar shanu da garkuwa da mutane a ƙauyukan bakin iyaka. Uban da ya sayar da dabbobinsa ya biya kuɗin fansa ba zai iya biyan hayar ɗaki ba. Ɗiya mace kuma tata ta fi tsanani, domin jahar Maraɗi na cikin inda aka fi aurar da yara da wuri, kuma faɗuwa ɗaya ta isa a ce mata ta dawo gida haka nan.

Abin da muke kira a yi shi ne zama ɗaya duk mako biyu, a ƙarƙashin mataimakin shugaban jami'a, wanda zai haɗa CROU da rajista da malamin asibiti da wakilin malamai da na ƙungiyar ɗalibai ta USN. A duba sunayen waɗanda suka ɓace daga aji ko suka kwanta jinya, a kuma ba kowane ɗaya mutum guda da zai neme shi. A neme shi ɗin, domin yaron da ya taso cikin tarbiyyar kunya ba zai shiga ofis ya ce yunwa yake ji ba.

Za a ce babu kuɗi. Gaskiya ne zama ba ya gina ɗakin kwana, ba ya kuma sa kuɗin tallafi ya fito kan lokaci. Sai dai gadajen da ake da su da tikitin abincin da ake rabawa sun fi amfani idan an san wanda ya fi buƙata, kuma ƙasa ta riga ta kashe dukiyar shekara goma sha uku a kan yaron kafin ya ci jarrabawar BAC. Za a ce tonon asiri ne. Wannan damuwa tana da tushe, shi ya sa bayanin ciwo ya tsaya wurin likita, masu zaman su san cewa ɗalibi na buƙatar uzuri kawai, kuma kada a kira iyaye sai da yardarsa. Masu cewa jami'a wurin gwada ƙwazo ce, mai rauni ya faɗi, su tuna cewa jarrabawar da mai yunwa ya zauna ba ƙwaƙwalwarsa ta auna ba.

Muna kira ga shugabannin jami'a da na CROU su kira wannan zama kafin jarrabawar zangon farko. Hukumomin Agye da Gazawa da Gidan Rumji da sarakunanmu kuma, kowa ya nemi sunayen 'ya'yan yankinsa da ke Maraɗi, ya naɗa wanda jami'a za ta iya bugo wa waya.