Wane Asali Kuke Yi Wa Kuka?

Wata rana da daddare a majalisarmu ta Tunga, bayan an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, wani ƙanenmu ɗalibi ya kunna mana kiɗa a wayarsa. Jita ce mai lantarki take kururuwa, ganguna na biye da ita a guje kamar an saki dawaki ranar hawan salla. Ba a yi minti guda ba wani abokina, wanda muka daɗe muna shan shayi a kofi ɗaya, ya daka tsawa ya ce a kashe. Wai wannan ba Mdou Moctar ɗin da ya sani ba ne. Wai Turawa sun saye yaron, sun ɗora masa hayaniyarsu, ya watsar da kiɗan iyayensa. Mutum uku suka gyaɗa kai, yaron kuwa ya mayar da wayarsa aljihu yana jin kunya kamar ya yi sata. Na kama bakina a daren nan don kada zumunci ya ɓaci, amma maganar ta kwana tana ci na, kuma tun da alƙalami bai san kara ba, ga amsata.

Bari in fara da yadda muka san mutumin, domin a nan gizo yake saƙar. Ni da abokin nan nawa ba a rediyo muka ji shi ba, ba kuma a kanti muka sayi faifansa ba. A teburin wani mai shayi ne kusa da tashar jirgin ƙasa ta Minna, lokacin muna samari marasa aikin yi, inda wani Ba'abzine mai gadi yakan zo ya zauna da 'yar wayarsa mai fasasshen gilashi. Kullum waƙa ɗaya yake saka wa, murya siririya mai karkarwa kamar ta aljani, da ɗan kiɗa mai sanyi a ƙarƙashinta. Ba mu jin ko kalma ɗaya ta Tamashek. Duk da haka ranar da bai zo ba sai shayin ya ƙi daɗi. Daga baya muka roƙe shi ya tura mana ta Bluetooth, ta zo babu sunan mawaƙi, babu sunan waƙa, sai wasu lambobi. Mun fi shekara muna sauraronta kafin mu san wanda ya yi ta. Haka so yake shiga, ba ya sallama, ba ya kuma tambayar mutum ko ya fahimta.

To, yanzu ga tambayar da nake so masu kukan asali su amsa mini: a ina aka yi wannan waƙa da kuke rantsuwa da ita? A cikin tanti a tsakiyar hamada, raƙuma na tuƙa a gefe? Ko kusa. A Sakkwato aka yi ta. A shekarar 2008 Mahamadou Souleymane, ɗan yankin Abalak da Cintabaraden a jihar Tawa, wanda duniya ta sani da Mdou Moctar, ya tsallako iyaka ya shiga ɗakin ɗaukar waƙa irin na masu waƙoƙin finafinan Hausa, ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Gangunan da ke ciki na na'ura ne. Karkarwar muryar nan da ta sace zukatanmu aikin Auto-Tune ne, manhajar da wani kamfanin Amurka ya fito da ita a 1997. Salon kuwa namu ne, wato kiɗan fiyano na Kano, wanda shi ma kowa ya san a gindin finafinan Indiya ya yi rarrafe, a kan fiyanon Yamaha ƙirar Japan. Ka ji asalin da ake kuka a kai: harshen Abzin, sitidiyon Sakkwato, salon Indiya, na'urar Japan, manhajar Amurka. Idan cuɗanya da baƙo ita ce ɓata, to ai tun ranar suna yaron ya ɓace.

A nan ma akwai abin da ya kamata ya sa mu, ɗaliban Hausa da malamanmu, mu sunkuyar da kai. Shekara nawa muka yi muna yi wa kiɗan fiyano kallon hadarin kaji, muna kiransa nanaye cikin raini, muna cewa ba shi da darajar da za a rubuta kundin digiri a kansa? Ga baƙo ya zo ya ɗebi abin da muka raina, ya zuba masa waƙar soyayya da harshensa, abin ya bi wayoyi daga hannu zuwa hannu har arewacin Mali. A can wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine, ya sa ta cikin tarin da ya fitar a 2011 na waƙoƙin wayoyin Sahara, sannan ya yi ta cigiya har ya gano mai ita. Ƙofar da Mdou ya bi ya fita duniya, katakonta daga gidanmu aka saro shi.

Wani zai ce, to ai jitar gargajiyar Abzinawa muke nufi, mai taushi, wadda ake tafa wa hannu. Ita ma yaushe ta zama gargajiya? Kakannin Mdou tande suka sani, gangar da ake ɗaurawa a bakin turmi, da imzad, ɗan'uwan gogenmu mai tsirkiya ɗaya wanda mata suke gogawa. Jita ta shigo ne a hannun samarin da fari da talauci suka kora zuwa Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980, su Tinariwen da Abdallah Oumbadougou, kuma dattawan lokacin ba su tarbe ta da guɗa ba. Shi kansa Mdou iyayensa ba su so ya yi kiɗa ba, har sai da ya sassaƙa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Abin da kuke kira gadon iyaye yau, jiya-jiyan nan shi ne rashin kunyar yara.

Gaskiya ne sautin ya canza, ba na musu. Bayan Anar sai Afelan a 2013, wanda aka ɗauka kai tsaye a Cintabaraden. A 2019 sai Ilana, wanda aka ɗauka a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, daga nan kuma sunan ya tashi daga na mutum ɗaya ya koma na mutum huɗu: Mdou da jitarsa da yake kaɗawa da hagu, Ahmoudou Madassane mai jitar rakiya, Souleymane Ibrahim mai ganguna, da Mikey Coltun, Ba'amurke mai jita mai kauri. Afrique Victime ya biyo a 2021, sai Funeral for Justice a 2024, kowanne ya fi na bayansa ƙara da gudu. Sai dai wanda aka saya ai lallashi yake koya. Ku nemi mai jin Tamashek ya fassara muku abin da ake faɗa a cikin wannan hayaniya. Waƙoƙin Anar galibi na bege ne. Na yanzu suna kiran Faransa da sunanta, suna maganar ƙasar da tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, aka yi shekaru ana kai wa Turai ta haskaka gidajenta, alhali ƙauyukanta na kwana cikin duhu, suna kuma gargaɗin Abzinawa kada su bari harshensu ya mutu a bakin 'ya'yansu. Mu da muke zaune tsakanin madatsar Shiroro da ta Kainji muna hira a duhu, bai kamata a yi mana dogon bayani ba. Mutumin da yake ɗauke da irin wannan magana, kuna so ya faɗe ta da raɗa don kada ya tashe ku daga gyangyaɗi?

Na daɗe ina nazarin abokin nan nawa, kuma na gane inda ciwon yake. Shi ba Anar yake kewa ba, teburin mai shayin nan yake kewa, da shekarun da ba mu da iyali ba mu da bashi, da yarinyar da yake tunani duk lokacin da muryar nan ta karkarwa ta tashi. Waƙar da ta same ka kana ɗan shekara ashirin takan haɗiye unguwar da ka ji ta, da ƙanshin wurin, da mutanen da ke zaune. In mawaƙin ya sake salo sai ka ji kamar an rushe unguwar. Wannan ciwo ne na gaske, ni ma ina jin sa, ba na yi masa dariya. Abin da na ƙi shi ne a ɗauki wannan ciwo a sa masa rawani a kira shi kishin al'ada, sannan a ɗaure mawaƙi da shi. Kai ka yi aure, ka yi ƙiba, ka canza waya sau biyar, ka bar kwano ka koma cokali, amma shi kana so ya dawwama a 2008 yana yi maka gadin ƙuruciyarka, kuma ko sisi ba ka taɓa biyansa ba, tun da ta Bluetooth ka same shi. Ba a kanmu aka fara ba: a 1965 masoyan Bob Dylan sun yi masa ihu a bikin Newport don ya rataya jita mai lantarki, kuma su ma da sunan kare gargajiya suka yi.

Akwai abu ɗaya da zan ba masu ƙorafi gaskiya a kai. Yawancin waɗanda suke cika masa zaure a Amurka da Turai ba su san me yake cewa ba, yatsunsa suka zo kallo, shi ya sa suke yi masa laƙabi da Jimi Hendrix na hamada, kamar ba ya isa a yabe shi sai an jingina shi da nasu. Wannan yana da ciwo, kuma akwai haɗarin mai kiɗa ya fara tsawaita abin da ake yi wa tafi ya gajarta abin da ake fahimta. Amma wa ya isa ya jefe su da dutse? Mu da muka yi shekara muna kuka da waƙar da ba mu san ko ta soyayya ce ko ta cinikin raƙumi ba? Su ta ƙofar ƙara suka shigo, mu ta ƙofar sanyi, ƙanenmu da aka kunyata a majalisa kuwa ta YouTube ya shigo, ya fara da na 2024 yana komawa baya. Ranar da ya isa Anar dariya ya yi, ya ce wannan ai kiɗan fim ne. Ban ga takardar da ta ba ɗayanmu ikon korar ɗaya daga ɗakin ba.

Abin ban dariya ma, masu son taushi sun samu biyan buƙata ba tare da sun sani ba. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Nijar ya rutsa da ƙungiyar tana Amurka, hanyar gida ta toshe na ɗan lokaci. Cikin wannan zaman zullumi suka sake ɗaukar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, aka fitar a 2025 da sunan Tears of Injustice. Kalmomin su ne dai, fushin ne ya koma baƙin ciki.

Shi na kai wa abokina bayan sati guda. Ya saurara har ƙarshe, ya ce ba laifi, amma har yanzu da saura. Sai na nemo masa Tahoultine ɗin kanta a intanet, na sa masa a kunne. Ya yi shiru, can ya girgiza kai ya ce an taɓa ta, domin ta da tana da wani ɗan kaushi a ƙasan murya, wani zir-zir mai shiga jiki, wanda babu shi a wannan. Na san zir-zir ɗin da yake nufi sarai, don ni ma na neme shi ban samu ba. Lasifikar wayar mai gadin nan ce ta fashe.