Ƙyama Ba Ta Ɗan Adam Ba Ce

Kowane irin ƙi da kalmarsa a Hausa. Mutum ya kan tsani azzalumi, ya yi gaba da wanda suka ɓata, ya yi tir da mugun aiki. Amma ƙyama, ita ta mushe ce da najasa. To, ina dalilin ɗora ta a kan kuturu? Masu wannan hali su kan ce gudun cuta ne. Alhali kuwa kuturta tana warkewa, tun 1995 kyauta a ke ba da maganinta, wanda ya fara sha kuma ya daina yaɗa ta. Da an kira mutum abin ƙyama sai a ware masa ƙwarya, mai sabon tabo kuwa ya ɓoye shi har yatsu su gutsure. Ashe kalmar ita ke taya cutar ɓarna.